Silba

Daga kalmar Turanci "silver" aka aro ta, wato azurfa. Azurfar ma baƙuwa ce, daga bakin Buzaye muka same ta. Sai dai kofin silba da kwanon silba na ɗakin amarya babu ko ƙwayar azurfa a jikinsu. Ƙyallin kawai Bahaushe ya duba ya raɗa suna. Galibinsu ƙarfe ne marar tsatsa, irin wanda Harry Brearley ya haɗa a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Nau'in da ya fi yawa, mai lamba 304, yana ɗauke da kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8.

Uwargida na son sa don wanki ɗaya ya fito fes. Mai sassaƙa shi a inji kuwa yana shan wuya: yana ƙara tauri a daidai inda ake yanka, zafi ya taru a bakin wuƙar injin, ta dushe da wuri. Shi ya sa aka fito da 303, aka zuba masa 'yar farar wuta don ɓarɓashinsa ya riƙa karyewa. Ya fi daɗin yanka, amma bai kai 304 jure tsatsa ba, kuma ba ya son walda.