Nicklas Lidström

Nicklas Lidström tsohon ɗan wasan hokin ƙanƙara ne ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya yi fice a tsaron baya. An haife shi ranar 28 ga Afrilu, 1970. Ya fara tashe a ƙungiyar Västerås, sannan Detroit Red Wings ta Amurka ta zaɓe shi a 1989. Ya koma can a 1991, ya yi kaka 20 bai sauya riga ba.

Ba da ƙarfin tuwo yake tare abokin hamayya ba. Natsuwa ce makaminsa, da sanin inda zai tsaya tun kafin hari ya iso, shi ya sa da wuya ka gan shi a benci na hukunci. Sau bakwai ana ba shi kambun Norris na gwarzon mai tsaron baya, ya kuma ci kofin Stanley a 1997, 1998, 2002 da 2008, na ƙarshen yana kyaftin.

A gasar Olamfik ta 2006 a Turin, shi ya jefa ƙwallon da ta ba Suwidin zinare a kan Finlan. Ya yi ritaya a 2012, Detroit kuma ta jingine lambarsa ta 5 a 2014.