Mizanin Narkakken Gishiri a Batirin Makamashi

'Yan shekaru bayan 1839, lokacin da William Grove, wani lauya na ƙasar Birtaniya mai sha'awar ilmin kimiyya, ya nuna cewa ana iya samun lantarki ta haɗa iskar haidurojin da ta oksijin ba tare da an kunna wuta ba, ya lura da wata mas'ala wadda za ta ɗauki magadansa fiye da shekara ɗari suna ijtihadi a kanta, wato cewa aikin ba ya gudana sai a ɗan siririn wurin da iska da ruwan batiri da ƙarfe suka haɗu su uku. Ludwig Mond da Carl Langer, waɗanda suka maimaita gwajin a 1889, sun tarar ruwan yana malale fuskar ƙarfen ya toshe wa iska hanya, sai suka tsare shi cikin wani faifai mai ƙananan ƙofofi.

Da yake filatinam ɗin da waɗannan magabata suka dogara a kansa yana da tsadar gaske, sai masana, cikinsu har da Emil Baur na birnin Zurik, suka karkata ga zafi mai tsanani, domin zafi yana hanzarta aikin har ƙarfe mai araha irin nikel ya wadatar. A irin wannan zafi ruwa ba ya zama, saboda haka aka koma ga gishirin kabonet, wanda mai karatu ya san danginsa ko da bai san sunansa ba, gama kanwa kabonet ce ta sodiyam, abin da ke ba ruwan toka kaifinsa kuwa kabonet ne na fotasiyam. A 1960 wasu malamai biyu na ƙasar Holan, Broers da Ketelaar, suka ba da labarin batirin da ya yi wata 6 yana aiki da narkakken gishirin litiyam da sodiyam da fotasiyam, wanda aka shayar da wani faifan magnisiya da shi. Amma sun kuma shaida cewa gishirin yana raguwa sannu a hankali, har wani sashensa abin da aka liƙe bakin batirin da shi ne yake cinye shi.

A nan ne, a ganina, sirrin sana'ar yake. Batirin yana aiki a zafin da ya kai kimanin digiri 650, faifan tsakiya kuwa, wanda daga baya aka koma yin sa da litiyam aluminet, yana tsakanin faranti biyu na nikel, anod a ɓangaren haidurojin da katod a ɓangaren oksijin, kowannensu da ƙofofi kamar soso. Narkakken gishiri yana bin ƙofofin nan kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, kuma ɗabi'arsa ita ce ya fara cika mafi ƙanƙanta kafin ya shiga manya. Saboda haka aka yi hikimar sanya ƙofofin faifan tsakiya su fi na kowa ƙanƙanta, domin ya cika maƙil ya zama shamaki tsakanin iskokin biyu, alhali farantan suna jiƙewa kawai, manyan ƙofofinsu na buɗe ga iska. In gishirin ya yi yawa, katod ne ke fara shan wahala, don oksijin da kabon dayoksaid ba sa samun hanyar isa wurin aiki, ƙarfin lantarki ya faɗi; in kuma ya yi kaɗan, faifan ya bushe a wurare, iskokin su ratsa su haɗu su ƙone a banza, wurin ya yi zafi fiye da kima har ya lalace. Anod ya fi haƙuri da yawan gishiri, shi ya sa aka mai da shi rumbun ajiya.

Zuba gishiri daidai miƙidari a ranar farko abu ne mai sauƙi. Riƙe shi tsawon awa 40,000, wato kusan shekara 5 da masu sana'ar suka ɗauka a matsayin mafi ƙarancin rayuwar batirin kasuwa, shi ne ya gajiyar da su. Wani sashe yana tashi da tururi, wani yana cin baƙin ƙarfen da ke kewaye da shi ya zama tsatsa, abin da ya fi ban mamaki kuma, idan aka jera batira ɗaruruwa bisa juna, gishirin yakan rarrafa ta gefe daga wannan ƙarshen jerin zuwa wancan, har na ɗaya ƙarshen su nutse alhali na ɗayan suna ƙishirwa. Da aka rage waɗannan illoli ne aka iya kafa tashar gwaji mai megawat 2 a Santa Kilara ta Amurka a 1996, sannan wata mai megawat 59 a Hwaseong ta Koriya ta Kudu, wadda aka kammala wajen 2014.