Faya-fayan Wasan Dandamali a Kiɗan Rok

Faifan wasan dandamali shi ne wanda aka naɗi sautinsa sa'ad da makaɗa ke wasa a gaban jama'a, har da tafi da sowa da ɗan tuntuɓen da aka yi, saɓanin wanda ake haɗawa a tsanake cikin situdiyo. A kiɗan rok na Amurka da Birtaniya, irin wannan faifai ya yi tashe na kimanin shekara goma, daga 1969 zuwa ƙarshen shekarun 1970, kuma a cikin wannan ɗan tsakanin ne akasarin waɗanda ake ambato har yau suka fito.

Masu kiɗan jaz ne suka riga kowa. Bayan da kamfanin Columbia ya fito da faifan garmaho mai dogon zango a 1948, wanda kowane gefensa ke ɗaukar minti ashirin da 'yan kai, sai ya yiwu a saka wasa mai tsawo a kan faifai. A 1950 aka fitar da wasan da Benny Goodman ya yi a zauren Carnegie na New York tun 1938, ya kuma yi kasuwa. Amma wanda ya nuna wa kamfanoni cewa akwai kuɗi a sowar 'yan kallo shi ne James Brown. Mai kamfanin King Records, Syd Nathan, ya ƙi yarda a naɗi wasansa, don a ganinsa babu mai sayen waƙoƙin da ya riga ya mallaka. Brown ya biya daga aljihunsa aka naɗi wasan daren 24 ga Oktoba 1962 a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem. Faifan Live at the Apollo ya fito a 1963, ya kai matsayi na biyu a jadawalin Billboard, ya shafe mako 66 a kansa.

Duk da haka rok bai bi sahu nan take ba, kuma laifin na kayan aiki ne. Lasifikokin lokacin ba su da ƙarfin da za su rinjayi ihun dubban matasa. An naɗi wasannin Beatles a Hollywood Bowl a 1964 da 1965, amma kururuwa ta danne kiɗan, aka jingine tef ɗin har 1977 kafin George Martin ya gyara shi ya fito. Faifan Rolling Stones na 1966, Got Live If You Want It!, ya fi wannan ban takaici: biyu daga waƙoƙinsa a situdiyo aka yi su, aka ɗora musu hayaniyar jama'a daga baya. Tun daga farko, ke nan, gaskiya da kwaskwarima tare suka taso a wannan sana'a.

Abubuwa sun sauya a ƙarshen shekarun 1960. An samu lasifikoki masu ƙarfi, 'yan kallo suka rage ihu suka koma sauraro, sannan injinan naɗa sauti masu layi takwas da sha shida suka bazu. Amfanin waɗannan injina shi ne kowace ganga da jita da murya na samun layinta daban, ta yadda za a daidaita su bayan an tashi daga wasa. Aka riƙa ɗora su a cikin manyan motoci ana kai su ƙofar zaure. A Amurka Wally Heider ya yi suna a wannan aiki, a Ingila kuma motar Rolling Stones ta zama abin haya, da ita ma aka naɗi wasan Bob Marley a zauren Lyceum na Landan a Yulin 1975. Mafi muhimmanci dai shi ne makaɗan kansu sun canza salo. Waƙar da rediyo ke so minti uku ce, amma a dandamali sai su ja ta, kowane makaɗi ya yi ta ƙirƙira nan take. Wanda ya sayi faifan situdiyo kawai bai ji rabin abin da ƙungiyar ta iya ba.

Ƙungiyar Cream ta fara cike wannan giɓi a 1968 da Wheels of Fire, faifai biyu a kwali ɗaya, na biyun daga wasanninta na San Francisco. Mai gangarta, Ginger Baker, shi ne wanda daga baya ya yi faifan Live! tare da Fela Kuti a 1971, ya kuma buɗe situdiyo a Legas. Grateful Dead suka biyo da Live/Dead a 1969 a kan inji mai layi sha shida.

Masu kwafin sata ma sun taka rawa. A Nuwamban 1969 wani ya naɗi wasan Rolling Stones a Oakland ba da izini ba, aka buga shi da sunan Live'r Than You'll Ever Be, ya yi ta tafiya a ƙarƙashin kanta. Ƙungiyar ta mayar da martani a Satumban 1970 da nata, Get Yer Ya-Ya's Out!, wanda aka naɗi akasarinsa a Madison Square Garden. Ƙungiyar The Who kuwa zolayar ɓarayin ta yi. Ta naɗi wasanta na 14 ga Fabrairu 1970 a ɗakin cin abinci na Jami'ar Leeds, ta fitar da shi cikin kwali ruwan ƙasa mai tambarin hatimi, kamar na sata. Waƙa shida ce kacal a Live at Leeds na asali, uku daga ciki ma na wasu ne, kuma ba a saka ko ɗaya daga waƙoƙin faifanta mai suna Tommy ba, alhali an yi su a daren. Wannan ƙarancin shi ne ƙarfinsa, domin babu inda faifan ya yi sanyi.

Zauren da ya fi kowanne alaƙa da wannan zamani shi ne Fillmore East na New York, wanda Bill Graham ya buɗe a Maris 1968 ya rufe a Yunin 1971. A can Jimi Hendrix ya naɗi Band of Gypsys a ranar farko ta 1970, ba don sha'awa ba, sai don ya sauke bashin wata tsohuwar yarjejeniya da aka kai shi ƙara a kanta. A can kuma Allman Brothers Band suka yi At Fillmore East a ranakun 12 da 13 ga Maris 1971, ƙarƙashin kulawar Tom Dowd. Faya-fayansu biyu na situdiyo ba su yi wata kasuwa ba. Wannan kuwa, waƙa bakwai a faifai biyu, shi ya ɗaga su. Waƙar Whipping Post, wadda asalinta minti biyar ce, ta cinye gefen faifai guda, kusan minti 23, kuma mai sauraro na iya bin yadda masu jita biyu, Duane Allman da Dickey Betts, ke miƙa wa juna zance. Duane ya rasu a hatsarin babur a Oktoban wannan shekarar, wata uku bayan fitowar faifan, abin da ya mayar da shi babbar shaidar da ta rage ta hannunsa. Ko a nan ma Dowd ya haɗa wata waƙa daga wasanni biyu daban.

Manyan taruka sun ba da nasu: Woodstock ya fito a faifai uku a 1970, haka ma wasan agajin Bangladesh da George Harrison da Ravi Shankar suka shirya a Agustan 1971. Japan ta zama wata matattara. Deep Purple sun naɗi Made in Japan a Osaka da Tokyo daga 15 zuwa 17 ga Agusta 1972, da niyyar sayar da shi a ƙasar kaɗai, sai ya zama ɗaya daga faya-fayansu mafi farin jini a duniya.

Daga tsakiyar shekarun 1970 lissafin kasuwa ya karɓe ragama. Naɗar dare biyu ko uku ta fi wata da watanni a situdiyo arha nesa ba kusa ba, ga shi faifan na tattaro fitattun waƙoƙin ƙungiya wuri guda. Kiss sun yi faifai uku da ba su taɓuka ba, kamfaninsu Casablanca yana gab da durƙushewa, Alive! na 1975 ya ceto su duka. Peter Frampton ya yi huɗu a situdiyo ba labari, sai Frampton Comes Alive! na Janairun 1976 ya yi mako goma a saman jadawalin Amurka, ya fi kowane faifai ciniki a ƙasar a shekarar, ya kuma wuce kwafi miliyan takwas. Daga nan kusan kowace ƙungiya sai da ta fitar da nata tagwayen faya-fayai, ko tana da abin nunawa ko babu. A yawancinsu ne ake samun kaɗa ganga na minti goma da ya burge wanda yake zauren, ya kuma gundiri wanda ke zaune a ɗaki.

A wannan lokacin ne kwaskwarima ta yi yawa. Tunda kowane kayan kiɗa na kan layinsa, ana iya goge muryar da ta kauce a sake rera ta a situdiyo, a gyara jita, a ƙara tafi. 'Yan Kiss sun amsa daga baya cewa an yi wa Alive! gyara sosai. A kan Live and Dangerous na Thin Lizzy, na 1978, an yi shekaru ana ja-in-ja: Tony Visconti da ya haɗa shi ya ce yawancinsa a situdiyo aka sake yi, 'yan ƙungiyar suka musa. Hujjar masu gyaran ba ta wofi ba ce. Kuskuren da ya wuce cikin daƙiƙa a zaure, a faifai za a ji shi sau ɗari. Sai dai abin da aka sayar wa mai saye shi ne cewa haka aka yi a daren, kuma a nan ne maganar ta yi rauni.

Dusashewar ta zo ta fuskoki da dama. 'Yan kiɗan punk na 1976 da 1977 sun yi wa dogayen waƙoƙi ba'a, suka dawo da gajeru. Tashar MTV ta fara aiki a Agustan 1981, bidiyo ya shiga gidaje, mai son wasan dandamali ya samu damar gani da ido. Ba a daina fitar da irin waɗannan faya-fayai ba, don Live/1975–85 na Bruce Springsteen, faifai biyar a akwati, ya shiga jadawali a matsayi na ɗaya a 1986, amma sun daina zama tsanin da ƙungiya ke hawa ta yi suna.

Zuwan faifan CD, mai ɗaukar minti saba'in da wani abu, ya mayar da harkar ta tonon rumbu. Grateful Dead sun fara jerin Dick's Picks a 1993 daga tsofaffin tef ɗinsu. Wasan Bob Dylan na Manchester na 17 ga Mayu 1966, wanda masu kwafin sata suka daɗe suna sayarwa da sunan na Royal Albert Hall, ya fito a hukumance a 1998. An faɗaɗa Live at Leeds a 1995, sannan a 2001 aka ƙara masa waƙoƙin Tommy da aka bari. Led Zeppelin, waɗanda The Song Remains the Same na 1976 bai gamsar da su ba, sun fitar da How the West Was Won a 2003 daga wasanni biyu da suka yi a California a Yunin 1972.