Kafin kwamfuta ta karɓe alli

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da sababbin shiga fagen sadarwa mara waya shi ne garaje. Ka ba ɗalibi matsalar tashar miƙa saƙo mai eriya huɗu, kafin ka waiwaya ya jefa ta cikin manhajar CVX ya kawo maka zane mai kyau. Tambaye shi me ya sa tashar ta raba ƙarfinta haka, sai ya yi tsuru-tsuru.

Mu ba haka aka raine mu ba. Malamina, Allah ya jiƙansa, ba ya barin kowa ya kunna MATLAB sai siffar amsa ta fito a allo. Takardar Tang da Hua ta 2007 da alli muka sake warware ta: ka farke zangon farko (daga mai aikawa zuwa tasha) da SVD, ka farke na biyu (daga tasha zuwa mai karɓa), ka haɗa hanya mai ƙarfi da mai ƙarfi, raunana da raunana, sannan ka raba wuta. Shi yana zaune a baya yana jan carbi. Da ka manta cewa tashar da ke ƙara wa sigina ƙarfi tana ƙara wa hayaniyar da ta kwaso, kalma ɗaya zai furta: "Goge." Cover da El Gamal kuwa, da suka aza harsashi tun 1979, yakan ambace su tamkar iyayen gidansa, ya tuna mana cewa tambayar da aka bari a buɗe tun lokacin, wato iyakar saƙon da hanya mai tashar miƙawa za ta iya ɗauka, har yau ba a rufe ta ba.

Mu ma muna da namu takaicin. Bayan aikin Laneman da Tse da Wornell na 2004 mun ɗauka duniya ta zama tamu. Ƙa'idar 802.16j ta fito a 2009, LTE-Advanced ma ya buɗe wa tashoshin ƙofa, amma kamfanonin waya ba su kafa su da yawa ba. Tashar da ba ta iya sauraro da magana lokaci guda tana cinye rabin lokaci, kuma ɗan kasuwa ba ya yafe wannan.

Yanzu ga yayin faifan da ke karkatar da sigina, RIS, ana ta guɗa. Amma Björnson da abokansa sun nuna a 2020 cewa sai faifan ya tara ɗaruruwan ƙwayoyi kafin ya kere tasha guda mai karanta saƙo ta sake aikawa. 'Ya'yana, kafin ku kai takarda bugu, ku zauna ku warware matsalar eriya biyu da hannu.