Fuska, Waƙa da Fargaba: Nazarin Yadda Fim Ke Sosa Zukatan Masu Kallo a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Tarbiyyar Bahaushe ta ginu ne a kan danne abin da ke zuci. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, amarya ba ta ɗaga kai a gaban surukai, namiji kuwa ko rasuwa aka yi masa ana sa ran ya daure ya zauna karɓar gaisuwa. A Daura, inda sarauta ta daɗe har ladubban fada suka ratsa unguwanni, kunya da kawaici na cikin ma'aunin mutumci. Amma waɗannan mutane ne za ka tarar suna share hawaye a gaban talabijin ko wayar hannu, saboda wahalar wata yarinya da suka san sarai ƙirƙirar ta aka yi. Matsayar wannan nazari ita ce, fim yana samun zuciyar Bahaushe ne domin yana yaye abin da kunya ta lulluɓe, kuma da makamai uku yake yin haka: fuska, waƙa, da sanar da mai kallo abin da jarumi bai sani ba.

Daga majigi zuwa waya

Majigi ne ya fara gabatar da hoto mai motsi ga yawancin garuruwan Arewa, lokacin da motocin gwamnatin mulkin mallaka ke zagayawa suna haska fina-finan tsafta da noma a fili da dare. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga shekarun 1950 kuma 'yan kasuwa Kwarori suka shiga shigo da fina-finan Indiya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo. Da kaset ya shiga gida, matan kulle da ba su taɓa leƙa silima ba suka zama manyan masu kallo, labaran kuma suka karkata ga aure, kishi da zaman gida. A yau, daga Daura zuwa Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa, fim ya koma cikin waya, ana tura shi a shagon caji da kuɗi kaɗan.

Fuska

A zaman yau da kullum ba a ƙura wa babba ido, ba a kuma tsare mai kuka da kallo. Kyamara ba ta san wannan doka ba. Dubi fitowar da ta zama ruwan dare a fina-finanmu, wato daren da aka kawo amarya. Ana guɗa a tsakar gida, uwargida na zaune a bakin gadonta tana amsa barka da murmushi. Baƙi na fita sai kyamara ta matso, leɓe ya soma rawa, ta kai gefen mayafi ga ido. Matar da ke kallo ta sha zama kusa da irin wannan uwargida a gidan biki, amma ladabi bai taɓa barin ta ga abin da ke biyo bayan fitar baƙi ba. Fim ne ya ba ta wannan izini.

Fuskar kaɗai ba ta isa ba, sai da abin da aka jera kusa da ita. Wajen 1920, Lev Kuleshov na Rasha ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, da gawar yarinya a akwati, da wata mata a kishingiɗe. An ruwaito cewa masu kallo sun ga yunwa, sun ga baƙin ciki, sun ga bege, alhali fuskar ba ta sauya ba. Ashe mai kallo ne ke cika fuskar da abin da ke ransa. Shi ya sa harara ɗaya daga marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a Afrilun 2024, kan isa ta tayar da hankalin ɗaki guda: kowa na da wata fuska a danginsa da yake ɗorawa a kan tata.

Waƙa

Abin da baki ke jin nauyin furtawa, waƙa ce ke ɗaukarsa. Tun kafin fim, waƙoƙin niƙa da daɓe sun ba mace damar yin habaici da kokawa ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. A nan fim ɗin Indiya ya sami ƙofar shiga. Masani Brian Larkin, a nazarinsa na 1997, ya nuna cewa Hausawa sun rungumi fina-finai irin su Mother India na 1957 ne domin sun ga rayuwa mai kama da tasu: biyayya ga iyaye, auren dole, da masoyan da ke bayyana so ba tare da sun keta haddi ƙuru-ƙuru ba. Sangaya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya tabbatar da wannan salo a fim ɗin Hausa, har ta kai ga waƙa na sayar da fim kafin a san labarinsa. Sauti kan riga tunani isa zuciya. Da an saki fiyano a hankali, jikin mai kallo ya yi sanyi tun jaruma ba ta buɗe baki ba.

Fargaba

Makami na uku tsoho ne a Daura. A labarin Bayajida, mai sauraro ya san wanda ya kashe macijin rijiyar Kusugu tun cikin dare, amma Daurama da fadawanta ba su sani ba. Daɗin labarin yana cikin jiran lokacin da gaskiya za ta fito. Mai shirya fim Alfred Hitchcock ya bayyana wannan dabara da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, firgita ce ta ɗan lokaci, in kuwa an nuna wa mai kallo shi tun farko, duk hirar da ake yi a teburin sai ta zama tashin hankali. Binciken Uri Hasson da abokan aikinsa na 2008 ya auna ƙarfin irin wannan riƙo da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa. Yayin kallon wani shirin Hitchcock, kimanin kashi 65 cikin 100 na saman ƙwaƙwalwar masu kallo ya riƙa amsawa iri ɗaya. A hoton wani dandali da ba a tsara ba kuwa, bai kai kashi 5 ba.

A fim ɗin Hausa, makirci ne bam ɗin. Mun ga an barbaɗa magani a tuwo, mun ji ƙaryar da aka kitsa, maigida kuwa na wanke hannu zai ci. A nan ne za ka ji tsohuwa ta ɗaga murya tana cewa, "Kada ka ci, ɗan nan!" Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira, da ya fara a Arewa24 a 2020, da Izzar So a YouTube, sun shimfiɗa wannan fargaba ta zama ta mako-mako.

Kammalawa

Abin da ke iya sa mutum kuka yana iya karkatar da tunaninsa, don haka damuwar malamai da iyaye tana da tushe. Ita ta haifar da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, ita ce kuma ta sa gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta jingine shirin gina dandalin fina-finai a garin Kofa a 2016. Sai dai almakashin hukuma ba ya kaiwa ga wayar da ke hannun yaro. Kariyar da ta rage ita ce ilimi. Ya kamata malaman Hausa a makarantun masarautar Daura su riƙa koyar da nazarin fim kamar yadda suke koyar da zube da waƙa, ɗalibi ya iya faɗin dalilin matsowar kyamara, da aikin da kiɗa ke yi masa, da wanda labarin ke so ya tausaya wa ko ya tsana. Wanda ya san waɗannan zai ci gaba da jin daɗin fim, zai ma yi kuka in abin kuka ya zo, amma zai san wanda ke jan akalar zuciyarsa da inda ake son kai ta.