Yadda Gidan Attajiri Ya Koma Ɗakunan Haya A Landan

Yau Landan za mu leƙa, unguwar Notting Hill.

Gidajen unguwar na ƙarni na 19 ne, sirara dogaye, a manne da juna. Faɗin irinsu mita biyar zuwa shida ne, amma hawa huɗu ko biyar. Iyali ɗaya aka gina wa kowanne: kicin a ƙarƙashin ƙasa, falo a tsakiya, 'yan aiki can saman ƙarshe. Bayan yaƙin duniya na farko 'yan aikin gida suka yi wuyar samu, masu hali suka yi ta tashi, aka shiga yanka gidajen ana ba da haya.

To siririn gida yana da wuyar yanka. Matakala ɗaya ce, taga kuma gaba da baya kawai. Mai son aikin kirki sai ya mai da kowane hawa gida guda, ya ɗora kicin da banɗaki a kan na ƙasa don bututun ruwa ya hau miƙe, ƙarƙashin matakala ya zama ma'aji. Ƙaramin kicin ma an daɗe da gano dabararsa: tun 1926 Margarete Schütte-Lihotzky ta zana na Frankfurt, mita 1.9 da 3.4, komai hannu na kaiwa.

Amma fa ba dabara ce ta dami irin su Peter Rachman ba. Dokar haya ta 1957 ta ce da zarar tsohon ɗan haya ya fita, mai gida ya sa kuɗin da ya ga dama. Kun ga an buɗe ƙofa ke nan. Aka yi ta takura wa tsofaffin mazauna har su tattara, a raba ɗaki gida biyu, a cusa baƙi 'yan Karibiyan waɗanda wasu masu gidaje suka hana haya saboda launin fatarsu. Ba su da zaɓi, dole su biya. Rachman ya mutu a 1962, sunansa ya shiga ƙamus ɗin Turanci da ma'anar zaluncin mai gidan haya.

Sai a 2015 Ingila ta fitar da ma'aunin da ake aiki da shi yanzu: gidan mutum ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 37. Shi ma sai ƙaramar hukuma ta ga dama ta ɗauka.

Su kuwa gidajen Notting Hill, yau fam miliyoyi ake sayar da su. Wasu ma attajirai sun saye hawa-hawan, sun rushe katangun, sun mai da su gidan iyali ɗaya.