ZARE: Tarihin API ɗin GitHub, da yadda mai gida ya riƙa canza makulli

1/ Zaren yau a kan tarihin API ɗin GitHub ne. Da yawanmu masu koyon rubuta manhaja abin da muka sani shi ne mu ciro tokin, mu liƙa, abu ya yi aiki, shi kenan. Amma ƙofar nan an sha canza mata makulli, kuma kowane canji sai ya ci wasu. Ku biyo ni. 🧵

2/ Ga wanda bai sani ba: shafin GitHub da kake gani a burauza, da maɓallai da launuka, don mutum aka yi shi. API kuwa ƙofar gefe ce da aka yi wa manhajoji. Manhajarka ta aika tambaya, saba ta mayar mata da amsa a tsarin da na'ura ke karantawa, wato JSON.

3/ Kana iya gwadawa yanzu a wayarka. Rubuta api.github.com/users/torvalds a burauza. Ba hoto, ba ado, tsurar bayani ne: sunansa, yawan ma'ajiyoyinsa, yawan masu bin sa, ranar da ya buɗe asusun. Abin da manhaja take gani kenan. Kuma da mutumin nan labarin zai fara.

4/ Daga 2002, masu gina Linux suna adana tarihin kod ɗinsu ne da wata manhaja mai suna BitKeeper. Ta kamfani ce, amma an bar musu ita kyauta. A 2005 aka samu saɓani, kamfanin ya janye kyautar. A watan Afrilu na shekarar Linus Torvalds ya zauna ya rubuta Git.

5/ Git bai dogara da cibiya ɗaya ba. Duk wanda ya kwafo ma'ajiya ya samu cikakken tarihinta, tun daga canji na farko. Idan saba ta mutu, kwamfutar kowane ɗaya daga cikinku za ta iya maye gurbinta. Ba mai sake zuwa ya ce musu "ku ba ni kayana".

6/ Sai dai Git yana da wuyar sha'ani a lokacin, kuma dole ka nemi inda za ka ajiye kwafin da kowa zai gani. A ƙarshen 2007 Tom Preston-Werner da Chris Wanstrath suka fara gina GitHub a San Francisco, PJ Hyett ya shigo, aka buɗe wa kowa a Afrilun 2008.

7/ Ba su ne na farko ba fa. SourceForge na nan tun 1999, Google Code tun 2006. Abin da GitHub ya ƙara shi ne mu'amala: ka yi reshen aikin wani da danna maɓalli ɗaya, ka roƙe shi ya haɗa gyaranka, ku yi muhawara layi-layi, a kai rahoton matsala a sashen Issues.

8/ Ku riƙe wannan, don a kansa zaren ya tsaya: duk waɗannan ba sa cikin Git. Idan ka yi git clone, kod da tarihinsa ka ɗauko. Rahotannin matsala, muhawarar da aka yi kafin a karɓi gyara, taurari, duk suna rumbun GitHub. Babbar hanyar fito da su ita ce API.

9/ Tsarin da API ɗin ya bi sunansa REST. Roy Fielding ne ya bayyana shi a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000, a Jami'ar California da ke Irvine. Ma'anarsa a sauƙaƙe: kowane abu yana da adireshinsa. GET ka karanta, POST ka ƙirƙira, DELETE ka goge.

10/ An yi siga ta 1 da ta 2 a shekarun farko. A 2011 aka fito da ta 3, aka yi mata gini sabo: amsa da JSON kaɗai, adireshi api.github.com. Tana aiki da OAuth, wato ka bai wa wata manhaja izinin taɓa asusunka ba tare da ka miƙa mata kalmar sirrinka ba.

11/ A 2012 aka kashe siga ta 1 da ta 2 gaba ɗaya. An yi sanarwa tun da wuri, amma duk manhajar da mai ita ya tafi wata sabga bai sabunta ba, ranar nan ta daina aiki. Canjin makulli na farko kenan. Kod ɗinka bai canza ba, ƙofar ce ta canza.

12/ Wani abu da ya taimaka tun farko shi ne ƙararrawar da suke kira webhook. Maimakon manhajarka ta riƙa leƙawa kowane minti tana tambaya "an turo sabon abu?", sai ka bar adireshinka. Da an tura kod, GitHub da kansa zai aiko maka da saƙo.

13/ A Satumban 2012 aka ƙara Status API. Yanzu manhajar waje tana iya dawowa ta liƙa alama a jikin gyara: kore idan gwaji ya wuce, ja idan ya faɗi. Ƙaramin abu ne a ido, amma shi ya rufe zagayen. A tura kod, ƙararrawa ta buga, a gwada, sakamako ya dawo.

14/ A kan wannan zagayen kamfanoni suka kafa rumfunansu. Fitaccen cikinsu shi ne Travis CI, wanda aka fara a 2011 a Balin ta Jamus. A lokacin yana gwada kod ɗin ayyukan da suke a buɗe kyauta. Akwai lokacin da da wuya ka shiga sanannen aiki ba ka ga koriyar alamarsa ba.

15/ Nan ne abin ya juya. Mutane ba don ajiyar kod kaɗai suke zama a GitHub ba, har da don duk kayan aikinsu da shi suke magana. A 2015 Google ya sanar da rufe Google Code. A 2017 Microsoft ya yi haka da CodePlex. Dukansu GitHub suka nuna wa mutanensu.

16/ To ƙofar kyauta ce, amma da ma'auni. Idan ba ka shiga da tokin ba, tambaya 60 kake da ita a awa ɗaya. Idan ka shiga, 5,000. Kowace amsa tana zuwa da bayanin abin da ya rage maka a x-ratelimit-remaining. Ya ƙare, sai ka ga 403 ko 429 har awa ta cika.

17/ Waccan 60 ɗin da adireshin IP ake ƙirga ta, ba da mutum ba. Idan ku ashirin ne a ɗakin kwamfuta kan layin intanet ɗaya, to kwano ɗaya kuke ci. Shi ya sa wani zai ce "ni fa sau uku kawai na kira" amma an rufe shi. Maƙwabta ne suka cinye.

18/ Akwai dabara a cikin tsarin HTTP kansa. Amsa tana zuwa da wata shaida, ETag. Ka ajiye ta, ka haɗa da ita a tambaya ta gaba. Idan ba abin da ya canza, za a ce maka 304, kuma in da tokin ka shiga, ba za a cire daga kasonka ba.

19/ Amma REST na da ciwon kansa. Jerin abubuwa 30-30 yake zuwa, iyaka 100 a shafi. Kana son ma'ajiyoyi 50 da rahotannin kowacce? Tambaya ɗaya ta jerin, sannan 50 na biye. Kuma kowace amsa cike da bayanan da ba ka nema ba. Mu masu ƙirga data mun san zafin wannan.

20/ Facebook ya sha irin wannan matsalar a manhajarsa ta waya, ya ƙirƙiro GraphQL a 2012, ya sake shi ga duniya a 2015. Adireshi ɗaya ne, kai za ka rubuta ainihin abin da kake so, shi kaɗai za a ba ka. GitHub ya sanar da nasa a Satumban 2016, ya zama siga ta 4 a 2017.

21/ A nan ba yawan tambaya ake ƙirgawa ba, maki ne, gwargwadon nauyin abin da ka nema. Abin lura: wannan karon ba a kashe tsohuwar ba. REST da GraphQL suna tafiya tare har yau, don jama'ar da suka yi gini a kan siga ta 3 sun fi ƙarfin a tashe su.

22/ Ranar 4 ga Yunin 2018 Microsoft ya sanar zai sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5 na hannun jari. An kammala ciniki a Oktoba. Waɗanda suka tuna tsohuwar adawar Microsoft da Linux hankalinsu ya tashi, ayyuka da yawa suka kwashe kaya zuwa GitLab a kwanakin.

23/ Abin dariyar, da me suka kwashe kayan? Kod dai Git ya ɗauke shi ba wahala. Amma rahotanni da muhawarori, manhajar ƙaura ta GitLab ta API ɗin GitHub take jawo su, da tokin ɗin GitHub, a ƙarƙashin ma'aunin GitHub. Ko tashi za ka yi, ta ƙofar mai gida za ka fita.

24/ A Oktoban 2018 aka sanar da GitHub Actions, ya buɗe ga kowa a Nuwamban 2019. Aikinsa: a tura kod, a gwada, alama ta fito. Wato dai sana'ar Travis, amma a cikin gida, ba sai ka buɗe wani asusu ba, kuma kyauta ga ma'ajiyoyin da suke a buɗe.

25/ An sayar da Travis ga kamfanin Idera a farkon 2019. A ƙarshen 2020 ya taƙaita kyautar da yake bayarwa, yana kukan masu haƙar kirifto da ke cinye masa na'urori. A 2021 aka rufe travis-ci.org. Ayyuka suka riƙa komawa Actions ɗaya bayan ɗaya.

26/ Wasu kuma saye su aka yi. Dependabot, mai duba ko kayan da manhajarka ta dogara da su sun tsufa, a kan API ya tashi, GitHub ya saye shi a 2019. A 2020 ya sayi npm. Idan rumfarka ta yi ciniki sosai a bakin ƙofa, mai gida yana gani.

27/ Sai canjin makulli na gaske. Da can kana iya kiran API da sunanka da kalmar sirrinka. Ranar 13 ga Nuwamban 2020 aka daina karɓa. Ranar 13 ga Agustan 2021 aka daina karɓarta a git push ma. Tsofaffin darussan YouTube da yawa daga ranar suka zama ɓata.

28/ Gaskiya wannan canjin yana da hujja. Kalmar sirri tana buɗe komai, tokin kuwa ana iya taƙaita shi, a sa masa wa'adi, a soke shi. A 2021 aka sa wa tokin alamar farko irin ghp_ don a riƙa gane shi. In ka tura shi cikin ma'ajiya buɗaɗɗiya, GitHub na soke shi.

29/ Amma tokin ma ana sacewa. A Afrilun 2022 GitHub ya sanar cewa wani ya sace tokin ɗin OAuth da aka bai wa Heroku da Travis CI, ya sauke ma'ajiyoyin sirri na gomman ƙungiyoyi, har da npm. Ba a fasa GitHub ba. Makullan da mutane suka ba da amana aka ɗauke.

30/ A Oktoban shekarar aka fito da sabon nau'in tokin da za ka ce masa: ma'ajiya kaza kaɗai, karatu kaɗai. Don Allah idan aikin kammala karatunka karanta rahotanni kawai yake yi, kar ka ba shi makullin da zai iya goge ma'ajiya. Kuma kar ka rubuta shi cikin kod.

31/ A Nuwamban 2022 aka koma sa wa REST siga da kwanan wata, ta farko 2022-11-28. Kana faɗar wadda kake so a X-GitHub-Api-Version. Alkawarinsu: in sabuwa ta fito, tsohuwa za ta ci gaba da aiki aƙalla wata 24. Wa'adin tashi ne a rubuce, amma ya fi babu.

32/ Akwai kuma makullin da ba a hannun kamfanin yake ba. GitHub na ƙarƙashin dokar Amurka. A Yulin 2019 aka taƙaita asusun masu amfani a Iran, Siriya da Kirimiya saboda takunkumi, ma'ajiyoyin sirri suka rufe musu. Sai Janairun 2021 aka samo lasisin Iran.

33/ A yi adalci: idan ka kwatanta da wasu, GitHub ya riƙe amana. A 2023 Twitter ya rufe API ɗinsa na kyauta, Reddit ya sa farashin da ya kashe manhajar Apollo a ƙarshen Yuni. Na GitHub har yau ɗalibi zai kira shi ba ko kwabo. Amma zaɓinsu ne, ba haƙƙinmu ba.

34/ To ga inda tarihin ya kai mu. An rubuta Git ne bayan wani kamfani ya janye kyautarsa, aka yi shi ba cibiya. Cikin shekara goma duniya ta sake taruwa a gida ɗaya, don abin da ke kewaye da kod ya fi kod wuyar ɗauka. A 2023 masu asusu sun haura miliyan 100.

35/ Ba cewa nake a guje shi ba, ni ma a can kayana suke. Amma ɗan haya mai hankali yakan san inda takardunsa suke. Ka riƙe kwafin kod a kwamfutarka. Lokaci-lokaci ka sauke rahotanni da muhawarorin aikinka ta API ka ajiye. Ka faɗi siga a tambayarka. Ka sa wa tokin wa'adi.

36/ Nan zan tsaya. Wanda yake son misalin yadda ake sauke Issues da gh api ko da Python ya yi magana a ƙasa, in an samu masu so sai mu yi zare na biyu. A tura wa 'yan aji masu shirin aikin kammala karatu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. 🙏🏾